Daɓen Katakon Gidanmu na Dengfeng

Jiya maƙwabcina yana shafa wa teburinsa man goge katako, ƙamshin ya shigo mini ta taga. Sai ga ni a gidan hayarmu na unguwar Dengfeng, a birnin Guangzhou na ƙasar China, ina yaro, lokacin da Baba ke sayen jakunkuna a kasuwar Shiling yana aikawa Kano.

Daɓen gidan na katako ne, tsoho, duk ya dushe. Umma da ta saba da siminti sai ta riƙa sheƙa masa ruwa da bokiti tana wankewa. Da lokacin danshi ya zo, wanda ko bango sai ya yi gumi a Guangzhou, katakon ya kumbura, bakin wasu ya ɗago har yana kama yatsan ƙafa. Kada ka ga laifinta, ba wanda ya taɓa gaya mata katako ba ya shiri da ruwa.

Baba ya nemi tsohuwar da ke da gidan ta kawo mai gyara. Ta kaɗa hannu ta ce “meyo”, wato babu. Sai ya ce shi ba zai zauna cikin ɓarna ba. Duk ranar da bai fita kasuwa ba yana durƙushe, ya cire wanda ya ruɓe, ya dasa sabo, ya bi sauran da samfefa har garin katako ya yi masa fari a gemu. Sannan ya shafa mai, ya goge da tsumma. Umma ta koma tsumma mai ɗan laima, ruwan alwala kuwa ko ɗigo ba a yarda ya taɓa ƙasa ba. Kafin zafi ya kankama, daɓen nan ya koma ja kamar shayi, kana ganin fanka a cikinsa.

Shekarar gasar Olamfik ce, ana ta matsa wa baƙi kan biza. Wata Asabar tsohuwar ta zo. Ba ta taɓa cire takalmi a ɗakinmu ba sai ranar. Ta shafa katakon da tafin hannu tana murmushi, Baba har yana jin daɗi. Da ta dawo, tare da ɗanta da yarinyar da zai aura ta zo. Suka zagaya ɗakunan kamar ba ma nan. A bakin ƙofa ɗan nata ya ce wa Baba yanzu ba a son haya ga baƙi, mu tashi ƙarshen wata.

Hannayensa kawai Baba ya tsaya yana kallo.

Ranar tashi na kama wani ƙaton kwali zan ja, Umma ta riƙe ni.

“Ɗaga shi.”

“Umma, ai ba namu ba ne kuma.”

“Na sani. Amma gumin babanka ne a kai.”

Haka muka ɗauke komai a hannu, muka bar musu shi ko ƙwarzane babu.

Yanzu a unguwar Panyu nake, nan cikin Guangzhou, ni ma a haya. Daɓen zamanin nan leda ce mai zanen katako, in ta lalace a ɓamɓare a yar. Famfonmu na yoyo tun bara, matata kullum tana cewa in gyara. Na iya, Baba ya koya mini. Nakan ce mata a kira mai gidan hayar.