Neman Ɓera Mai Kwanciyar Hankali

Muna idar da sallar asuba muka bar Gumel, ni da ƙanwata, da kejin waya a bayan mota. Digiri na biyu take yi, bincikenta a kan ƙwaƙwalwar ɓera. A hanya ta yi min bayani. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka, ta ɓera ba ta fi ƙwayar dawa ba, ita ke sakin wani sinadari idan dabba ta firgita. Ana samun sinadarin har a cikin ƙwaƙwalwar kanta, yana kuma da hannu a yadda ɓera ke tuna abin da ya tsorata shi. Ɓerayen rumbu masu kwanciyar hankali take nema, ta gwada su da firgitattu. In wata ya ƙare ba ta auna ba, sai ta maimaita shekara.

A Maigatari manyan motoci sun cushe hanya. Muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa bai ƙanƙance ba. Wani mutum da ta yi wa saƙo ya kamo mata ɓeraye ya iso da ɓerayen a gwangwani, ɗaure kusa da salansar babur. Na leƙa, na ja da baya: zafi da ƙarar babur sun gama firgita su. A Sule Tankarkar kuwa da hayaƙin barkono aka fito da nasu ɓerayen daga rami.

Saura Gagarawa. Wani dattijo manomi ya tarbe mu da fura, ya ce kwana uku ke nan yana ba ɓerayen da ya kama mata gyaɗa da ruwa. Ƙanwata har ta fara murmushi. Muka zagaya bayan rumbu. Ga ɓeraye takwas a cure wuri ɗaya, ga ƙatuwar kyanwa ɗaure a jikin kejinsu.

"Baba, wannan fa?" in ji ƙanwata.

"Mai gadi ce, 'yata. Tun da na ɗaure ta, ko ɗaya bai motsa ba."

Ta zauna daɓas a ƙasa. 

Mun dawo Gumel da la'asar. Mafita ɗaya ce: a ajiye ɓerayen da muka samo inda babu hayaniya har mako biyu su huce, kwanakin da suka rage mata ke nan. Ɗakin ajiyata aka zaɓa.

Tafiyar ta koya min cewa kafin ka aiki mutum, ka gaya masa dalili. Yanzu kyanwarmu tana gidan maƙwabta, rediyona a kashe. Ni da na saba sayen maganin ɓera, sanɗa nake yi a gidana don kada in tayar musu da hankali.