Malam Sa'adu Ya Tafi Ya Bar Ni da Gwangwanin Diski

Innalillahi. Da safen nan ina buɗe shagon hotona aka kira ni: Malam Sa'adu mai gyaran kwamfuta, na bayan kasuwar albasa, ya rasu. Ciwon kwana biyu kacal.

Ina baƙin ciki, kuma wallahi haushinsa nake ji.

Shi ya riƙe mini tsohuwar kwamfutata shekara da shekaru. Da na sayo babban diski, ma'ajiyar da ake sa wa kwamfuta a ciki, tsohuwar ta ƙi ganin ko rabinsa. Ya yini a kanta ya raba diskin gida uku: tsohon sistam, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a gaba, don shi kaɗai injin wanke hotona ke ji, sabon sistam a tsakiya, hotuna a ƙarshe. Ko dala bai karɓa ba, shayi kawai ya sha, ya ce sukari ya yi kaɗan.

Ya ja mini kunne: "Wanga ɗaki na tsakiya, in tsohon ya ce bai san shi ba, ka ƙyale shi. Ba ruwanka."

Makon jiya wuri ya cika. Tsohon sistam ya nuna mini ɗakin tsakiyar nan kamar fanko, ya tambaye ni da Faransanci ko a share. Na yarda. Kwamfuta ta mutu murus, da hotunan bikin 'yar wani dattijo na garin Garou a ciki, ko ɗaya ban wanke ba.

Na kinkime ta zuwa wurinsa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan'uwa, mi na ce maka?"

Ya duba ta, sannan ya ce:

"Hotunan suna nan, ƙofa ce ka rushe. Ka taho Laraba." Ya zare diskin, ya jefa cikin gwangwanin madara.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ɗazu bayan jana'iza ƙaninsa ya buɗe mini shagon. Diski sun fi talatin a gwangwanin nan, duk kama ɗaya, babu mai suna ko alama. Sau nawa muka roƙe shi ya riƙa rubutawa? Sai ya ce makiyayi ba ya rubuta wa shanunsa suna. To ga garken, Malam, ina makiyayin?

Uban amarya ya kira ni sau biyu yau. Ya ce kakar amarya ta rasu bayan bikin, hotonta na ƙarshe yana wurina.

Allah Ya jiƙanka, Malam Sa'adu, Ya yalwata kabarinka, Ya ba iyalanka haƙuri. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini taurin kai.

Jama'a, don Allah ku yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Ni dai na tsaya a sahun gaba ana sallar gawarsa, hankalina yana kan gwangwanin madara.