Ƙwallayen Dabinon Baba Abdulghani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, tara ga Sha'aban, bayan Azahar, Allah ya karɓi ran Baba Abdulghani a gidansa na unguwar Waziriyya. Bahaushen Sudan ne, ya koyar da falsafa a Hartum kafin ya tare a Jidda.

Baba, a bakinka muka ji labarin wani malamin Girka na zamanin dā, wanda sunansa ya gagari harshena har yau. Ka ce bawa ne, gurgu, har korarsa aka yi daga birnin da yake zaune. Karatunsa ɗaya ne, mutum ya rarrabe abin da ke hannunsa da abin da ba ya hannunsa. Ikon Allah! Mutum ya shekara kusan dubu biyu a ƙasa, amma ka zaunar da shi tare da mu a kan tabarma.

Duk wanda ya zo maka da damuwa sai ka tura masa farantin dabino. Ya ci ɗaya, ya ambaci damuwa ɗaya. Idan ba ta hannunsa, ƙwallon ya tafi hagu. Idan tana hannunsa, dama.

Ranar da kafilina, mai tsaya mini wurin hukuma, ya ce shi ke nan, ba zai sabunta mini iƙama ba, wato takardar izinin zama, wurinka na nufa. A Jidda aka haife ni, Kano kuwa a baki kawai na san ta. Kafili, hagu. Iƙama, hagu. Aikina na tashar jiragen ruwa, hagu. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Baba, to me ya rage mini?"

Ka ɗauki ƙwallo ɗaya ka ajiye a dama. "'Yarka Joud ba ta iya Hausa ba. Bebiya za ka kai wa dangi? Yalla, tashi."

Wallahi na ji tsoronka ranar. Da yamma muka fara ni da ita, daga gaisuwa.

Iƙamar ba ta dawo ba, bayan Sallah za mu tafi Kano. Amma jiya a wurin zaman makoki, Joud ta durƙusa gaban iyalinka, Inna Fatsuma, ta ce da Hausa, "Allah ya jiƙan Kaka." Na kasa riƙe hawaye.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Inna Fatsuma da 'ya'ya, Allah ya ba ku haƙuri. Ƙwallon nan na dama yana aljihuna, Baba, da shi zan sauka Kano.