Keken Kaka da Kwaɓin Ƙasa

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni: ni na fasa turmin Innarmu, ba akuya ba. Baiwar Allahn nan da ta sha muciya ranar, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Kullum da safe nakan laɓe bayan ɗaki in yi ta ɗaga turmin don in tara ƙwanji, rannan ya suɓuce ya faɗa kan dutsen niƙa ya rabe biyu. Abin haushin, ƙwanjin tuƙa keke nake tarawa. Sati biyu ina gina damtse, ban taɓa tambayar kaina ko da hannu ake taka feda ba.

Shekarar ce man fetur ya fi ƙarfin kowa. Babur ɗin Baba ya yi zaman dirshan a gindin darbejiya har kaza ta ƙyanƙyashe a ƙarƙashinsa. Tuwo ma ya riƙa ƙanƙancewa, har sai ka leƙa kwano da kyau kafin ka gan shi. Sai Kaka ya sa aka sauko da tsohon kekensa daga rufin zaure, aka canja masa taya da sarƙa, ya ce daga yanzu da shi za a riƙa kai kaya kasuwar Zakirai.

Mu biyu ne samari a gidan, ni da taubashina, ɗan Gwaggo, wanda Kaka ya ɗauko riƙo tun daga yaye. Wanda ya samu keken zai huta da gona duk ranar kasuwa, ya ga gari, ya ci awara da zafinta, ya dawo yana kaɗa ƙararrawa. Wanda ya rasa, shi da jaki da kai taki gona. Na tuna wa Kaka cewa ni ne ɗan namiji, keken gidanmu ne. Ya ce keke bai san dangi ba. Akwai wani rairayi bayan gonar rogo, inda hanya take ɗan hawa tudu. Duk wanda ya ƙetare shi da rabin buhun gero ɗaure a kariyar bayan keken ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba, keke nasa. Ya ba mu wata guda, za a kara ranar Juma'a da hantsi.

Muka riƙa gwaji bi da bi. Taubashina yakan shiga rairayin nan kamar yana tafiya kan kwalta, har da ɗan fito. Ni kuwa da tayar gaba ta taɓa yashi sai keken ya tsaya cak, ya yi tunani, sannan ya kwantar da ni a hankali. Yara suka fara zuwa kallo.

Daga nan na daina ganin komai a jikinsa sai ƙafafu. Sharaɓarsa kamar an cusa gwanda a ciki, tawa kamar sillen kara. Wata rana da azahar yana barci a inuwar mangwaro na auna tasa da igiya, na auna tawa, igiyar ta kusa zagaye tawa sau biyu. Na ce ko fura ake ƙara masa, na shanye tasa kwana uku, ba abin da ya ƙaru sai cikina. Na zazzage jakarsa neman laya, na tarar da tsinken sakace da rabin sabulu. Ko sallama ya yi sai in ji kamar da gayya ya yi ta.

Lokacin bazara ne, kowa yana gyaran katanga da rumbu kafin ruwa ya sauka. A wajenmu da ƙafa ake kwaɓa ƙasar gini. A tara ta, a zuba ruwa da busasshiyar ciyawa da kashin jaki, mutum ya naɗe wando ya shiga ya yi ta tattakawa har ta yi danƙo. Ni dai duk shekara lokacin nan nake ciwon ciki. Rannan ina zaune a inuwa riƙe da cikin, sai na lura da taubashina a cikin kwaɓin har gwiwa. Ya zaro wannan ƙafa da ƙyar, ya danna waccan, ya sake zarowa. Na zuba ido. Wallahi feda yake takawa, keken ne kawai babu. Shekara uku ke nan yana wannan a gabana, ina yi masa dariya.

Nan take cikina ya warke. Na faɗa kwaɓin har ina ture shi. Da muka gama na gidanmu na wuce maƙwabta, daga nan gidan liman, daga nan gidan wata tsohuwa da ba ta ma yi niyyar gyara ba. Gari ya ɗauka na shiryu. Inna ta riƙa taɓa goshina. Kuma gaskiya abin ya fara aiki, don cikin kwana goma na kai tsakiyar rairayin kafin in faɗi, kwana biyu bayan haka na wuce tsakiya.

Ranar Laraba taubashina ya same ni ina wanke laka a bakin rijiya.

"Ɗan kawu, gobe kada ka shiga kwaɓi," ya ce. "Ƙafa sai ta huta take yin ƙarfi. Ni ma ba zan shiga ba."

"Ka ga na kamo ka ke nan."

"Ka kamo ni a ina? Shawara na ba ka."

"Riƙe abarka. Ranar Juma'a ka zo da wuri ka ɗaure mini buhu."

Ya yi dariya ya tafi, dariyar ta ƙara tabbatar mini da cewa tsoro ya kama shi. Ranar Alhamis tun da sassafe na shiga kwaɓi. Na gama na rumbun liman, na koma na wani zaure da ake tayarwa a bakin hanya, ban fito ba sai da aka kira la'asar. Shi kuwa yana kwance a inuwar mangwaro yana cin gyaɗa. Na ce a raina ragon banza, gobe za ka gani.

Da asuba na yunƙura zan tashi, ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Cinyoyina sun yi tsami, sun sandare kamar taɓarya biyu. A zaune na yi sallah, a gefen Kaka, kamar sa'ansa. Zuwa rairayin ma a bayan jaki aka kai ni.

Ni na fara. Ƙafata ta ƙi ƙetare ƙarfen keken, sai da Baba ya ɗaga ta da hannu ya ajiye a feda kamar kayan aro. Aka ɗan tura ni. Na taka sau ɗaya, na taka sau biyu, a na uku muka kwanta tare, ni da keke da gero. Ban ma kai inda na saba faɗuwa ba. Taubashina ya tashe ni, ya kakkaɓe mini riga, abin da ya fi faɗuwar ciwo. Sannan ya hau ya haye tudun, ya kaɗa ƙararrawa daga can sama.

Kaka ya dube ni ya ce, "Ai ba ka yi asara ba, mai gida. Duk garin nan babu katangar da za ta zube bana."

Keken ya zama na taubashina, shi ya yi ta kai kaya Zakirai har shekara biyu. Ni na kai taki da jaki, kuma tun daga shekarar duk bazara gidanmu ake aikowa neman mai kwaɓa ƙasa.