Alƙalamin Kawu Hedimasta

Duk wanda ya san Kawu Hedimasta a Lafiya ya san ba ya ganin abu ya ƙyale shi babu maki. Sai ya zaro baƙin alƙalamin nan mai shan tawada daga aljihun gaba, ya warware murfin a hankali, ya yanke hukunci. Katin ɗaurin aurena huɗu bisa goma ya samu. Miyar Inna Talatu, matarsa, shekara arba'in tana kan biyar.

"Malam, yau fa har da kifi!"

"Na lura. Shi ya sa ban rage ba."

Shida ce ƙarshen alherinsa. Bakwai zuwa sama, in ji shi, ba na 'yan Adam ba ne.

Da tawada ta yi tsada, sai ya koma ɗura wa alƙalamin zoɓo. Ya rubuta wa kwamitin unguwa koke shafi uku a kan kwata, kafin la'asar kiyashi sun rufe takardar. Ya dube su ya ce, "Madalla. Ga masu karantawa har ƙarshe."

Aro kuwa, haram! "Wani Bature ne ya ba ni, bakinsa zinare ne. Ana aron buroshin haƙori?" Ni kaɗai, ɗan ƙanwarsa, nake taɓawa, shi ma da rula a kan yatsuna: "Kwantar da shi hagu, jaki!"

To, wannan zinaren ne ya so ya ja mini. Kawu ya rasu ya bar mini alƙalamin a wasiyya, amma liman ya ce wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya. Dukiyar kuwa keke ce, da rediyo, da kujeru biyu. Yaya Larai, babbar 'yarsa, ta ce, "Alƙalamin Bature ya fi kayan nan duka. A sayar a raba!"

Muka ɗunguma kasuwa wurin Baba Anzaku, tsohon mai gyaran agogo. Ya maƙala gilashi a ido, ya goga bakin a dutse, ya shinshina cikin.

"Wa ya sa masa zoɓo?"

Ya juya ga Yaya Larai.

"Hajiya, wannan Bature naku ɗan Sin ne, ga rubutu nan. Zinare kuma babu, tagulla ne. Da ma yana rubutu, da na ce kuɗin taliya."

Ya gwada, alƙalami ya karce takarda. Yaya Larai ta gwada, ya yage takardar.

"Bakin ya cinye gefe ɗaya," in ji Baba Anzaku. "Hannun mai shi kawai ya sani. Ku binne shi da shi."

"Ai mun makara," in ji Yaya.

Na karɓa. Ban sani ba hannuna ya kwantar da shi hagu, inda rula ta koya masa. Sai ga jan layi sumul, har da ƙamshin citta.

Yaya Larai ta daɗe tana kallon layin nan. Ta goge ido da bakin mayafi. "Ɗauki tsiyarka. Har rubutun ma irin na Baba."

Allah ya jiƙan Kawu. Ya Ubangiji, kada ka duba takardarsa da irin hannunsa. Ka ba shi goman da bai taɓa ba kowa ba.