Takardar Da Na Karanta Ranar Arba'in Ɗin Yayana

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, amma ranar addu'ar arba'in ɗin yayana ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. A ranar ne na miƙe tsaye a tsakar gidanmu da ke Salaga a ƙasar Gana, riƙe da takarda, na zubar da mutuncin matar da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Ba da wuƙa na yi ba, da bakina na yi, bakin nan nawa na malamin makaranta da ba ya iya jin abu ya haɗiye.

Yayana ɗan kasuwar doya ne. Yakan sayo a Kpandai ya loda wa motocin kudu, shi ne kuma ladanin masallacin unguwarmu. Murya gare shi, in ya ɗaga kiran salla har bakin kasuwa ana ji. Matarsa 'yar Bawku ce, can bakin iyaka, bazawara ya auro ta, tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Ni da ita wasa muke yi sosai irin na ƙanin miji. In na shigo da safe sai ta ce, "Ga ƙaramin miji nan, Turanci a baki, ciki ba komai," ta miƙo mini koko ba tare da na tambaya ba.

Ciwon ya fara ne kamar mura. Muryar yaya ta dushe, haɗiya ta zame masa aiki, kunnensa ɗaya yana suka. Shi kuwa in ka ce masa asibiti kamar ka zage shi. Manya suka ce beli ne, ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro, ya yi tsawo, a je a cire. Akwai wani tsohon wanzami a Yendi da danginmu suka yarda da hannunsa tun zamanin kakanni. Ni da kaina na goya yaya a babur na kai shi. Na san abin da ya kamata, wallahi na sani, amma na ga hanyar ta fi sauƙi, ga hutun makaranta ya kusa ƙarewa. Wanzami ya yi aikinsa, yaya ya tofar da jini a ƙasa, muka dawo muna cewa an rabu da ciwo.

Ba a rabu ba. Bayan wata biyu wani kumburi ya fito masa a gefen wuya, mai tauri, ba ya zafi. Sai a lokacin muka nufi babban asibiti a Tamale, aka ɗebi ɗan nama daga maƙogwaronsa aka auna, aka ce ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Likitar da ke duba shi, wata mace mai sanyin magana, ta ce akwai masu bincike a kudu da ke neman irin wannan nama don su gano yadda ciwon yake somawa. Yaya ya tambaye ta da ragowar muryarsa ko hakan zai warkar da shi. Ta ce a'a, sai dai ya amfani waɗanda za su zo bayansa. Ya ce a ɗauka, ya sa hannu.

Wata bakwai ya yi yana jinya. Muryar ta tafi gaba ɗaya, sai dai ya rubuta abin da yake so da ajami a littafin 'yan makaranta. Matarsa ce ke dama masa kunu tana tacewa, tana ba shi cokali-cokali, ita ke wanke tsumman da yake tofa jini a ciki. Ranar da ya rasu kansa a kan cinyarta yake.

Tun kafin a share makoki magana ta fara zagaya gida, kuma a kaina ta sauka. Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ce ta fi kowa cewa a je Yendi, ita ta juya ta ce ƙarfen wanzami ne ya tayar da ciwon. "Kai da ka yi boko," in ji ta, "kai ka ɗauke shi a babur ka kai aka yanka shi." In na shiga ɗaki sai a yi shiru. Abinci ya daina shiga mini. Ni kaina na fara yarda cewa ni na kashe ɗan'uwana.

Saura kwana uku arba'in likitar ta kira ni ta ce sakamakon bincike ya iso, na hau mota na je. Ta zaunar da ni, ta miƙo mini takardar sakamakon, ta yi mini bayani a hankali. Ta ce a cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai wani dogon rubutu na halittarsa da ake kira DNA, kuma akwai na'urar da ke karanta shi baƙi bayan baƙi. Da aka karanta na naman yaya, sai aka tarar a tsakiyar rubutun akwai layukan da ba nasa ba, na wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV. Ta kutsa ta haɗe da nasa, kamar baƙon zare da aka saƙa a cikin rigar saƙi, wanda ba ya ciruwa sai an warware rigar. Daga nan ƙwayoyin maƙogwaronsa suka rikice suka shiga yaɗuwa ba tsayawa.

"To, wanzami fa?" na ce.

"Wanzami ya ɓata muku lokaci," in ji ta, "amma ba shi ya kawo ciwon ba. Ciwon ya riga askarsa."

Daga wannan kalma kunnena ya toshe. Ta ci gaba da magana, na ga bakinta yana motsi, na ji ta ambaci yadda ake ɗaukar ƙwayar, na ji ta ce kada in faɗa wa kowa sai na zauna da matarsa. Ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, amma hankalina yana Salaga, ina hango fuskar Gwaggo sa'ad da zan wanke kaina.

Ranar arba'in, bayan malamai sun shafa fatiha baƙi sun watse, wajen la'asar, dangi suna zaune a tsakar gida ana kwashe tukwane. Matar yaya tana bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma, cikin kayan takaba. Na tashi na gyara murya kamar ina gaban aji, na karanta takardar da Turanci don a san na iya, sannan na fassara. Na ce ba wanzami ba ne, ba ni ba ne, ƙwayar cuta ce, ga shi na'ura ta karanta.

Gwaggo ta ce, "To ita wannan ƙwaya ta ina take shiga mutum?"

Da na ce ban sani ba, da yau ba na wannan rubutu. Amma malami ba ya son a ce bai sani ba. Na buɗe baki na ce, "Ta hanyar kwanciya tsakanin namiji da mace."

Innalillahi! Yaya ladani ne, ba wanda zai kawo a ransa cewa daga wajensa ne. Sai na ga kawuna suna juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa ga tabarmar nan. Wata daga cikin mata ta ce a hankali, "Dama bazawara ce, 'yar bakin iyaka." Matar yaya ta ɗago kai. Ta dube ni sau ɗaya, ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗaki.

Sauran kwanakin takabarta azaba ne, kuma a gaban idona aka yi. Aka ware mata kofi da kwano. Matan gida suka daina aron tsintsiyarta. Maƙwabtan da suka shekara takwas suna shan kokonta suka riƙa tambayar juna ko su je a auna su. Na koma Tamale a guje, likitar ta sake faɗa mini abin da na ƙi saurara. Ta ce ƙwayar nan ruwan dare ce, yawancin manya sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba, jiki ya kore ta da kansa. A wasu kaɗan takan kwanta shekaru masu yawa kafin ta yi ɓarna, ba a ɗaukarta a kofi ko kwano, kuma ba na'urar da za ta ce wane ne ya ba wane. Na bi gida-gida ina wannan bayani har muryata ta dushe. Amsa ɗaya nake samu: "Ai da bakinka ka faɗa, Malam." Ranar da ta fita takaba ta ɗaure kayanta ta tafi Bawku, ba wanda ya raka ta tasha sai ni, ni ɗin ma ba ta yarda na riƙe mata jaka ba.

Bayan shekara guda na kasa daurewa, na bi ta. Na tarar da ita a gidan wanta tana auna gero a zaure, ta rame. Ta gaishe ni, "Malam, sannu da hanya." Malam fa, ba ƙaramin miji ba. Na durƙusa na ce, "Anti, ki yafe mini, ban san abin da nake yi ba."

Ta shiga ciki ta fito da littafin nan na 'yan makaranta, ta buɗe wani shafi ta miƙo mini. Rubutun yaya ne. Ashe tun yana jinya likitar ta gaya musu su biyu cewa gwajin farko ya nuna alamar ƙwayar. Ya rubuta mata cewa a ƙuruciyarsa, lokacin yana bin motocin doya, ya yi abin da ya tuba daga gare shi, yana jin daga nan ne, ta rufa masa asiri. Ta ce ita kuma ta gaya masa ta yi aure kafin shi, wa ya sani ko daga wajenta ne. Suka yafe wa juna, suka bar maganar a tsakaninsu da Allah.

Na ce, "Ba ni littafin nan in kai Salaga. Wallahi kowa sai ya ji kunya, a dawo miki da sunanki."

Ta karɓe littafin ta rufe. "Ka wanke kanka da ni," in ji ta, "yanzu kuma kana so ka wanke ni da shi? Mutumin da ba shi da bakin da zai kare kansa? Bar shi ya kwanta a matsayin ladaninsu."

Har yau a unguwarmu akwai masu rage murya in an ambace ta, ni kuwa kowa ya manta da zancen babur da wanzami. Na samu abin da na nema. Ban kawo sunan kowa a nan ba, don kada in sake yin abin da na yi. Abin da na koya shi ne, gaskiyar da ka ji rabinta ka ruga da ita don ka ceci kanka tana iya yin ɓarnar da ƙarya ba ta yi ba. Na'ura ta karanta naman yayana daidai, ba ta yi kuskuren baƙi ɗaya ba. Ni ne na karanta takardar ba tare da na dubi wadda ke zaune a kan tabarma ba.