Gawayin Mangwaron Kawu

Buhun gawayi aka dire mini a ƙofa, wai rabona ne daga mangwaron marigayi Kawu. Jikansa ya sare shi, zai gina butik, wato shago. Tir!

Kawu ne ya dasa shi a lambunmu na Sokode, bakin titin Dapaong, da kuɓewa a gefensa. In kamiyo mai dakon kaya ya turnuƙe mu da hayaƙi, sai Kawu ya dafa itacen ya ce mini, "Ƙyale shi, wannan zai haɗiye ya ajiye a cikinsa." Hannunsa kullum ƙamshin danƙon mangwaro yake.

Yanzu abin da itacen ya haɗiye, ni zan hura a murhu? Na ce wa jikan, "Ɗauke tsiyarka, mara kunya!"

Allah ya ba Kawu inuwar da ba mai sarewa.